Neman mai taken da ke cikin kaset

Bayan sallar asuba na bar gidana a Kaduna, rikoda a kafaɗa, raina a ɓace. A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo an gina wa birni babban ɗakin al'adu, kuma kwamitin shirya buɗe shi, wanda jami'armu ta tura ni ciki, ya zaɓi wani kiɗan ganga daga tsohon kaset. A jikin kaset an rubuta: kiɗan gargajiya, ba mai shi. Ni ɗan Batsari ne, na san take ne, wato kiɗan da makaɗi ke yi wa mutum ɗaya don ya zuga shi a gona. Na ce yana da mai shi, kuma sai da izininsa. Shugaban kwamiti ya yi murmushi ya ce, "To Malam Sani, kawo mana shi kafin buki." Bincikena duka a kan wannan magana ya tsaya, ga shi an ce in tabbatar da ita da ƙafata.

Kaduna zuwa Batsari

Fijo na shiga, mu huɗu a baya. A shingen Funtuwa wani ɗan sanda ya ƙi yarda rikoda ba rediyon fasa-ƙwauri ba ce, sai da na kunna masa. Ya ji ganga, ya gyaɗa kai, ya ce mu wuce. A Katsina na koma a-kori-kura, muka isa Batsari bayan la'asar, ƙashina duk ya yi tsami. Gidan wani malamin firamare na sauka, aka ba ni tuwon dawa miyar kuka, na ci har na ji kunya.

Yasore

Da safe ni da malamin muka hau babur zuwa Yasore wurin Mati, tsohon makaɗin gangar noma. Mun daɗe muna gaisuwa kafin na kunna kaset. Ya rufe ido.

"Wanga ba hannun ƙasarmu ba ne," in ji shi. "Ka ji yadda yaka ja ƙarshe? Hannun mutanen Safana ne. Ka tahi Zakka."

Na so in yi masa musu don kishin garinmu, amma na haƙura. Matarsa ta dama mana fura da nonon Fulanin Ruma, muka sha muka yi sallama.

Safana da Zakka

Hanyar Safana ta lalace da ruwa, sau biyu muka sauka muka tura mota. Na kwana a Safana, da hantsi na isa Zakka. Bayan na gai da mai gari, na ajiye rikoda a inuwar tsamiya na kunna. Kowa ya juya yana kallon wani dattijo da ke gyaran igiya. Dattijon ya saki igiyar, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ya yi kirari. Sunansa Baba Nomau. Tun yana saurayi aka yi masa taken, ranar da ya riga kowa kai ƙarshen kunyar noma a gayya. Wallahi na ji alfahari kamar ni aka kira.

Na gaya masa abin da ake so. Ya tambaye ni, "Ɗana, su mutanen birnin, a zaune za su ji shi?"

Na ce, "A kan kujeru, Baba."

"To ban yarda ba. In an buga take an kira mutum ne. A kira ni a gaban jama'a, ba ni nan, ba galma, sai a ce Nomau ya ji ya ƙi amsawa."

Na sami mai shi, amma zan koma da a'a. Na ce, "Baba, in kuma da kai aka je?"

Ya ce, "Akwai ƙasa can?"

Komawa

Da shi na dawo, galmarsa a naɗe cikin buhu, ya ƙi bari a ɗora ta bisa mota. Kwamiti ya so a zuba masa ƙasa a kan dandamali. Baba Nomau ya leƙa ya ce ƙasar da aka kawo a kwano ba gona ba ce. Haka aka sadaukar da filin da aka tanada don furanni a ƙofar ɗakin.

Ranar buki manyan baƙi suka baro kujerunsu suka fito rana da manyan rigunansu. Mai sanarwa ya kira sunan Baba Nomau da na garinsu, ganga ta tashi, tsoho ya duƙa ya ja kunya tun daga matakala har bakin titi bai ɗago ba. Daga ranar kwamiti ya yanke cewa ba za a ƙara buga taken kowa a ɗakin nan ba sai an nemi mai shi.

Na raka shi har Zakka, na dawo gida lafiya. Ina godiya ga Allah, da Mati na Yasore, da duk wanda ya ba ni masauki. Da za mu rabu, Baba Nomau ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya masu na zuba dawa cikin kunyar nan. Kar su bari ciyawa ta ci ta, da sunana a kai."