Je Ka Tambayi Baba Direba

Gwaggota tela ce. Shekara talatin tana taka keke a ɗakinta na ƙasan bene, kuma ban taɓa ganin ta yi kyautar da babu sharaɗi a gindinta ba. Ko alewa za ta ba ka, sai ka fara nuna mata ka wanke hannu.

Ɗanta ne ya haɗa mata waifai, wato na'urar intanet, a gida, don masu kawo ɗinki su riƙa turo mata hoton irin wanda suke so. Na'urar ta fi ƙarfin buƙatarta, domin Gwaggo ba ta kallon komai a waya sai wuyan riga da hannun riga. Kafin mako ya zagayo labari ya game gidan. Ɗalibai biyu na hawa na biyu, da matar mai gyaran fanka, da mai askin bakin ƙofa, kowa ya ɓullo da gaisuwar da bai saba ba.

"Gwaggo, an tashi lafiya? Ya ƙafar? Af, wai mece ce kalmar sirrin waifan nan?"

"Ni ina na sani? Je ka tambayi Baba Direba."

Baba Direba tsohon direban bas ne, a hawa na uku yake. Tun da matarsa ta rasu ya ja ƙofa ya rufe. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma sai a kwana uku ba a ji ko tarinsa ba. In Gwaggo ta aika masa abinci, kwano ya dawo yadda ya tafi. Abin ya tsaya mata a rai, tana tsoron shirun nan ya tafi da shi.

Shi ya sa ta hau da kanta ta ce masa kanta ya cika da awo, mantuwa ta yi mata yawa. Ya taimaka ya riƙa zaɓen sabuwar kalma duk Asabar, ita ta sa a na'ura, shi ya riƙe wa jama'a. Ya yi ƙunƙuni, amma ya karɓa. Direba ba ya mayar da makulli.

Da farko ta tsagar ƙofa yake miƙo takarda. A mako na uku kalmar ta fito "birkiyatsinke". Mai aski, da bakinsa ba ya zama, ya ce, "Baba, a ina?" Shi ke nan, ya taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. Awa biyu ya yi a ɗakin, ya fito yana riƙe ciki don dariya. Daga ranar babu mai samun kalma sai ya sha labarinta.

Ni ma na hau, kuma ba zan yi ƙarya ba, intanet ya kai ni. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, mu namu ƙofar Baba ya buɗe. Mai aski ya rage masa sumar da ta yi daji. Ɗalibai suka koya masa kiran 'yarsa ta bidiyo, har yana yi mata faɗa ta rame. Kwanon Gwaggo ya fara dawowa wayam, wani lokaci da ƙorafin gishiri.

Sai na'urar ta ƙone, mai gyara ya ce sai an jira mako biyu. Ranar Asabar na tarar da Gwaggo ta warware hannun riga ɗaya sau uku.

"Yau za a san masu zuwa don Allah da masu zuwa don waya," in ji ta.

Da ta kasa haƙuri ta dafa ni muka hau, tana yi wa gwiwarta faɗa a kowace matakala. A bakin ƙofar Baba Direba muka ga takalma zube, har da na matar mai gyaran fanka. Baba yana tsakiya, ya riƙe murfin tukunya yana juya shi kamar sitiyari. Daɗi ya kama ni.

Da ya hango Gwaggo ya ajiye murfin.

"Tela, kin ɗauka ban gane ɗinkinki ba? Matar da ke riƙe awon mutum ɗari a ka, ita ce za ta manta kalma ɗaya?"

Ya zaro takarda a aljihu ya miƙa mata. "Ga ta wannan makon."

"Baba, ai na'urar ta mutu."

"Ita ce ta mutu," in ji shi. "Ni ga ni."