Huffin da Na Bari a Ƙasan Akwati

A shekarun farko na zamana a Amurka ni mutum ne mai tsananin kiyaye ƙa'ida, kuma ina ɗaukar wannan hali a matsayin babbar daraja. Kafin in bar gida na yi shekaru ina aikin ajiyar bayanan majinyata a wani asibitin gwamnati, inda ba a taɓa neman katin mutum a hannuna aka rasa ba, ina kuma da horon ba da agajin gaggawa. Gwamnatin jiharmu ta zaɓe ni ta turo ni karatun tafiyar da asibitoci a wata jami'a kusa da Washington. Na kama haya a Hyattsville tare da wani Kirista mutumin Filato, ma'aikacin jinya, mai yawan barkwanci, wanda ba ya kirana da komai sai Alƙali, domin a cewarsa ko shayi aka ba ni sai na yanke masa hukunci kafin in sha. Ba na makara, ba na karɓar uzurin kowa, ba na kuma ba kaina uzuri. Ban rubuto wannan don neman tausayi ba. Na rubuto ne domin na ji har yanzu ana turo 'yan'uwanmu ƙasashen sanyi, kuma na san a cikinsu akwai masu irin halina.

Ina shekara ta biyu alawus ɗinmu ya daina zuwa, ba tare da wani ya ga ya dace a yi mana bayani ba. Na rubuta wa duk ofishin da ya kamata, ba wanda ya amsa, kuma har gobe ina ganin abin kunya ne a turo mutum uwa duniya a manta da shi. Dole na dakatar da karatu na zango ɗaya. Abokaina suka shiga wankin kwanoni da tuƙin tasi, ni kuwa ina ganin wannan bai dace da mai ilimi irina ba. Sai na ga sanarwa cewa wani wurin shaƙatawa a duwatsun da ke yamma da Washington, inda Turawa ke wasan zamiya a kan ƙanƙara, yana neman mai horon agaji na tsawon hunturu, da masauki da abinci. Da na ce zan nemi aikin, abokin zamana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mutumin da ke sa rigar sanyi biyu tun watan Oktoba shi ne zai hau dutse ya yanke wa ƙanƙara hukunci. Da ya ga da gaske nake sai ya daina dariyar, ya ce in sayi safa ta ulu, in bar ta auduga. Na ce masa safa safa ce.

Aka ɗauke ni. Kafin in tafi na je sallama wurin wani dattijon likita ɗan Zariya da ke zaune a Largo, wani gari kusa da mu, wanda duk ɗalibanmu ke kira Baba. Bai tambaye ni albashi ba, bai tambaye ni masauki ba. Abin da ya tambaya shi ne yadda zan riƙa yin alwala a kan dutsen. Na ce kamar yadda nake yi tun ina yaro. Ya shiga ɗaki ya fito da huffi na fata, baƙi, mai laushi, wanda ya sayo a aikin Hajji. Ya ce in yi cikakkiyar alwala da asuba a masauki, in busar da ƙafata sosai, in sa huffin, sauran yinin kuma shafa a kansa ta wadatar, domin addini ya yi wannan sauƙi tun kafin a haife mu. Na amsa masa, cikin ladabi a baki amma da girman kai a zuci, cewa na san hukuncin, sai dai ina ganin sauƙi na raunana ne, ni kuwa lafiyata ƙalau. Ya dube ni ya ce, a matsayinsa na uba, yana roƙona kada in fi Wanda ya yi sauƙin tsanani. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Da na koma gida na sa huffin a ƙasan akwati, na jera littattafai a kansa.

A makonnin farko a ɗakin agaji na gindin dutsen aka ajiye ni, ina ɗaurin karaya da targaɗe ina rubuta rahoton kowane rauni, kuma sun yaba da rubutuna har suna kirana Farfesa. Da safe kafin a buɗe wa baƙi suna koya mini zamiyar. Na sha faɗuwa, amma na nace, har aka ba ni jar rigar 'yan sintiri aka sa ni a gangaren da ba su da tsanani. Aikinmu shi ne mu hau kan dutsen a kujerun da ke rataye a waya, mu zauna a wata bukkar katako, idan an yi haɗari mu gangara da wani abu mai kama da makara da ake ja a kan ƙanƙara, mu ɗauko wanda ya ji rauni. Da yamma kuma, bayan an rufe, mu ne na ƙarshen sauka, kowa da hanyarsa, muna kira muna dubawa ko an bar wani a baya. Ba zan yi ƙarya ba, na so aikin. Akwai safiyar da na tsaya a can sama, gari ya yi fari fat, ba motsin komai, na ji daɗin da ban ji ba tun da na baro gida.

Suna da wata al'ada a tsakaninsu. A ranakun tsananin sanyi kowa yana duban fuskar ɗan'uwansa, domin idan sanyi ya fara kashe nama wurin yakan yi fari, kuma mai shi ba ya ji. Shugabanmu, wani Bature mai furfura, ya kira ni gefe ya ce gaskiya bai san yadda wannan alama take bayyana a irin fatata ba, saboda haka ni sai dai in faɗa da bakina, musamman idan yatsun ƙafa suka yi zafi sannan suka daina. Na ɗauki maganarsa a matsayin raini. Na ƙudurta a raina cewa baƙar fata ɗaya tilo a kan dutsen nan ba zai zama shi ne mai kukan sanyi ba.

Ranar da abin ya faru iska ta tashi tun da hantsi, har an rufe wasu hanyoyin. Lokacin azahar ya same ni a bukkar sama. Kamar kullum na zagaya baya da butata, na cire takalman nan masu tauri, na wanke ƙafafuna har idon sawu, na tsettsefe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ina idar da salla aka yi kiran gaggawa: wata mata ta bugi itace a wani gangare da ke fuskantar iska, cinyarta ta karye. Ban tsaya neman tawul ba. Na zura safar auduga a kan danshin ƙafata, na ɗaure takalma tamau, muka gangara. Karayar ta yi muni, ba a iya motsa matar da sauri, ni aka ba riƙon ƙafarta a miƙe yayin da ake ɗaure ta. Na daɗe a durƙushe cikin ƙanƙara ban motsa ba. Da farko yatsuna suka yi zafi kamar ana soka musu allura, har hawaye ya zo mini. Can sai zafin ya tafi gaba ɗaya. Na san ma'anar wannan, domin ni da kaina na kwafe shi a darasi, amma na ce wa kaina jiki ne ya saba.

Da muka kai matar ƙasa shugabanmu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko kowa yana jin yatsunsa. Wani saurayi Bature ya ce nasa sun yi sanyi, aka tura shi ɗakin agaji, ba wanda ya yi masa dariya. Da aka zo kaina na amsa yadda aka koya mana amsa gaisuwa tun muna yara, na ce lafiya lau. Ya sake tambaya yana kallon idona, na sake cewa lafiya lau, har da ɗan ɓacin rai. Daga nan na sulale zuwa ɗakin injin ɗumama gini, inda ba mai shiga. Da na cire safar na ga yatsun sun yi tauri kamar itace, launinsu ya koma toka-toka. Ƙa'ida ita ce a jiƙa ƙafar a ruwa mai ɗumi kaɗan, a hannun wani, kuma kada a sake fita cikin sanyi. Amma ruwan yana ɗakin agaji, inda idanu suke. Sai na yi abin da ake yi a gidanmu idan an ji sanyi, na miƙa ƙafafuna ga bakin wutar injin. Fatar ta ƙone ban ji ba, sai da na ji ƙauri. Sannan na yi abin da ya fi komai muni. Sunana yana cikin masu zagayen rufewa na yammacin nan, ni kuwa ban taɓa fashin aiki ba a rayuwata, sai na mayar da takalman a kan ƙafar da ta narke, na sake hawa dutsen, ta sake daskarewa.

Washegari ban iya tsayuwa ba. Daga ƙaramin asibitin garin aka mayar da ni wani babba a Washington, inda na yi makonni likitoci suna jira su ga iyakar naman da ya mutu, ina kallon yatsuna suna baƙi suna bushewa. A ƙarshe aka yanke dukan yatsun ƙafar dama da gaban tafin, aka cire uku a hagu. Masu wurin shaƙatawar suka ƙi biyana diyya, suka ce an tambaye ni a gaban shaidu na ce lafiyata ƙalau. Na yi fushi ƙwarai, na so in yi ƙara, amma ni ma'ajin bayanai ne, na san abin da suka rubuta gaskiya ne. Abokin zamana ya riƙa zuwa bayan ya tashi daga aiki yana wanke mini ciwon da hannunsa, kuma tun daga lokacin bai sake kirana Alƙali ba, sai ɗan'uwa. Na fi son da ya ci gaba da tsokanata. Baba likita ya zo ya zauna a gefen gadon ya yi mini addu'a, bai ambaci huffin ba ko sau ɗaya, ni ma ban iya ɗaga ido na dube shi ba.

Ban koma karatu ba. Yau ina zaune a wani ɗan akurkin gilashi a bakin wurin ajiye motoci, ina miƙa tikiti, aikin da a da nake ganin ya yi mini ƙanƙanta, kuma shi ma sai da aka yi mini alfarma saboda a zaune ake yin sa. Ina tafiya da sanda. Duk lokacin da hunturu ya shigo, yatsun da babu su sukan yi mini zafi. Mahaifiyata ba ta sani ba. Takan aiko da kaset ta hannun masu zuwa, tana tambayar yaushe zan dawo da digirin, tana cewa ta gyara mini ɗaki. Nakan zauna gaban rakoda in yi niyyar faɗa mata, in danna maɓalli, sai in ji bakina yana cewa lafiya lau nake, karatu ne ya yi yawa. Ta tsufa, kuma ina tsoron ɗayanmu zai rasu a kan wannan magana.

Abin da na fahimta, bayan ya zama ba shi da amfani a gare ni, shi ne cewa ba alwala ce ta cuce ni ba, ba kuma ƙanƙara ba. An ba ni sauƙi daga addinina na ƙi, an ba ni shawara daga wanda ya san aikin na ɗauke ta zagi, an tambaye ni sau biyu na amsa da gaisuwa. Ina roƙon duk ɗan'uwan da zai zo ƙasar sanyi ya sani cewa dauriyar da aka yabe mu da ita a gida tana iya halaka mutum a nan, domin wannan sanyi idan ya daina ciwo a lokacin ne yake ci. Idan dattijo ya ba ka abu ya ce ka sa, ka sa. Idan aka tambaye ka lafiyar jikinka don a cece ka, ka bar ladabin gaisuwa ka faɗi gaskiya. Na ciro huffin daga ƙasan akwati bayan an sallame ni daga asibiti. Na hagu ya shiga, na dama kuwa sai na cusa tsumma a gabansa yake zama. Kuma kullum da asuba, idan na zo wanke ƙafar dama, hannuna yakan tafi da kansa neman yatsun da zai tsettsefe.