Fuskar Falmata a Kwamfuta ta Huɗu

Warin dalma da ƙonanniyar ƙura ne ya rage a rigarsa ranar da aka kawo mana ita daga asibiti. Yau shekara bakwai ke nan da motar auduga ta take yayana Habu a kan motonsa, babur ɗin da yake hawa, yana dawowa daga garin Gidar da 'yan kayan gyara a aljihu. Duk shekara nakan rubuta wani abu mai sanyi a kansa. Bana na gwada, hannuna ya ƙi.

Mu 'ya'yan mahauta ne, a nan Garwa aka haife mu. Baba ya so Yaya ya gaji wuƙa, shi kuwa sukudireba ya ɗauka. Tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka zubar yake tsintowa, ya hure musu ƙura, ya sa musu Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke da ikon sauya ta yadda yake so. Cikin ire-irenta ma marar nauyi yake zaɓa, wadda tsohon inji zai ɗauka ba nishi ko a zafin watan Maris. Baba yakan tsaya a bakin shagon Yaya ya ce, "To likita, yau wa ya farfaɗo?" Yaya ya ce, "Baba, kai kullum kwantarwa kake yi, bar ni ni in riƙa tayarwa."

Da rikici ya koro mata daga ƙauyukan Mora, wata ƙungiyar mata a unguwarmu ta ba shi ɗaki, ya jera kwamfuta shida don a koya musu. Yawancinsu ba sa karanta Faransanci. Yaya bai fara da darasi ba. Bayan mace yake zama, ya yi mako yana kallon hannunta, duk abin da ya ga yana ruɗa ta ya cire shi. Ya rage alamomin allon suka koma huɗu, manya-manya. Ya sa aikin ya riƙa ajiye kansa kowane minti, don wutar Garwa ba ta sallama in za ta tafi.

Kwamfuta ta huɗu ta Yagana ce. Hannunta na rawa tun ranar da suka gudo, ba ta iya danna linzami sau biyu a jere. Sai ya mayar mata da dannawa ɗaya, ya ƙara girman kibiyar, ya rage mata gudu. Wata rana ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa ɗan katin ajiyar hotuna na waya da ya sha ruwa. Kwana uku yana lallaɓa shi, ya samu ya ciro hoto guda kafin katin ya mutu gaba ɗaya: 'yarta Falmata cikin shuɗiyar rigar makaranta. A ranar gudun suka rabu, har yau ba labari. Yaya ya shimfiɗa hoton ya cika allon, ya tura alamomin nan huɗu can gefen hagu don kada ko ɗaya ta hau fuskar yarinyar. Daga nan Yagana ke riga kowa zuwa. Ta kunna, ta jira, ta ce, "Kin tashi lafiya?" sannan ta fara aiki.

Ga nawa laifin, kafin in zo kan na wasu. Yaya ya ce mini, "Binta, ki kwafi hoton nan ki kai a wanke mata, ai hanyarki ce." Na ce sai na gama jarrabawa. Na koma jami'a a Ngaundere da littattafan waƙoƙina, mako uku bayan haka aka kira ni ta'aziyya.

Wata huɗu da rasuwarsa, shugabar ƙungiyar ta ji cewa manyan baƙi za su zo daga Yawunde. Ta leƙa ɗakin, ta ce waɗannan allunan kamar kayan wasan yara suke, za a ce ba mu waye ba. Ta kira wani mai gyara. A yammaci ɗaya ya goge duka shidan, bai tambayi ko mace ɗaya abin da ke ciki ba, ya cusa musu babbar manhajar nan da ake gani a ofisoshi. Washegari Yagana ta kunna, ta jira kusan rubu'in awa, sai ga hoton wani tsauni na wata ƙasa. Ta ce, "Ina yarinyar?" Mai gyaran ya ce, "Madam, an yi formate." Ba ta san kalmar ba. Ta yi ta zama tana jira ko za ta fito.

Da na zo hutu na tunkari shugabar. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Haba 'yata, duk a kan hoto?" Ni da ko kaza ban taɓa daka wa tsawa ba, ranar sai da aka fitar da ni. Kafin damina ta kama, nauyi da zafi sun kashe injinan duka. Na kai wa masu gyara uku faifan ajiyar kwamfuta ta huɗu, kowa ya ce an riga an rubuta wani abu a kai.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya ga yau. Ɗakin ya zama ma'ajiyar kujerun roba. Na shiga ofisoshin da sababbin kwamfutoci ke zaune an lulluɓe su da leshi, ba mai taɓawa sai ranar da za a ɗauki hoto. Har yanzu muna auna abu da yadda zai yi wa baƙo kyau, mai amfani da shi kuwa ba a ko tambayarsa. Na san Yaya, ba zai yi faɗa ba. Kujera zai jawo ya zauna a bayan wata. Ni ce ban gaji haƙurin ba.

Abin da ya saura nasa kaɗan ne, amma yana aiki. Biyu daga cikin matan suna buga wa mutane takardu a bakin kasuwa. Ni ma na koyi sa manhajar da Yaya ke sawa, a lise, makarantar sakandaren da nake koyarwa, na tayar da inji tara, kuma ba na goge komai sai na tambaya sau uku. Yagana ta koma Mora. An ce tana kwatanta wa mutane fuskar Falmata da baki.

Shekaru na yi ina lallashin kaina cewa ko ba komai baƙin sun ga abin da aka so su gani, wataƙila ma ƙungiyar ta samu wani abu. Bara, a wajen wani suna, na haɗu da matar da ta raba abin sha ranar da baƙin suka zo. Ta ce a tsakar gida aka sa musu kujeru, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Suka sha zoɓo, aka tafa, suka hau motocinsu. Ko mutum ɗaya cikinsu bai shiga ɗakin ba.