Farin Yadin da Na Yafa

Wautar da na tafka ita ce na yafa likkafanin mutum tun yana da rai. Wallahi ban sani ba.

Ranar kasuwar Kanan-Bakashe ce. Maƙwabcinmu, dattijo mai fara'a da muke kira Baba, ya ba ni ƙunshin farin yadi in kai masa gida. A hanya Shaiɗan ya raɗa mini a kunne. Na warware yadin, na lulluɓa har kai, na laɓe bayan rumbu. Da ƙannena mata suka dawo daga rijiya, na fito ina nishi. Ƙaramar ta daka tsallen da na rantse ya wuce tsayin gawo, tuluna suka tarwatse. Inna ta ba ni kashi. Baba kuwa bai yi dariya ba. Ya kakkaɓe ƙasar a hankali, ya ce, "Yaro, ba nawa ba ne. Mai shi zai buƙace shi da tsabta."

Kasuwa ba ta zagayo ba aka tsinci gawar ƙanen Baba a gona, an sare shi ta baya. Sun daɗe suna rigima kan iyaka. Baba ne ya kawo likkafani, yana hawaye, ana sa masa albarka. Da aka fito da makara, na hango yagar da ƙaya ta yi wa gefen yadin ranar wasana. Bakina bai iya riƙewa ba, zancen ya bazu a gari.

Jandarmomi sun kama Baba, bai musa ba, amma ya ce zuciya ce ta ɗebe shi. Da shari'a ta zo, aka kai ni Maraɗi ba da shaida tare da kawuna. A mota kawu ya ce, "Kai sarkin surutu, yau maganarka za ta yi nauyi. In fushi ne, wata rana zai fito. In shiri ne, shi ke nan."

Lauyan Baba ya ce kowane dattijo a ƙauyukanmu yana ajiye likkafanin kansa, kuma gaskiya ne, kakata ma nata na cikin akwati. Alƙali ya ce ya riga ya duba cewa ɗan'uwa ne, kuma ta baya aka sare shi, saura abu guda. Ya dube ni.

"Samari, ya ce maka nasa ne?"

Ni da ke mayar da ɓera giwa in ina ba da labari, na nemi ƙarya ko guda na rasa. Baba yana yi mini murmushin da yake yi in zai ba ni gyaɗa. Na maimaita abin da ya faɗa, ban ƙara ko gishiri ba.

"Allah ya yi maka albarka, yaro," in ji Baba, a hankali.

Alƙali ya ce kisan da shiri aka yi shi. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma a gidan kaso ya rasu.