Matar da Ta Liƙa Sanarwar Mutuwarta

Shekara goma sha ɗaya ke nan Nedyalka tana jinyar mijinta Dobri, tun da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafafu biyu. Ni Tsonka ce maƙwabciyarta a hawa na huɗu, bango ɗaya ya raba mu, don haka ba ji na yi ba, gani na yi. Da a masaƙar garinmu take aiki. Ta ajiye, ta koma wanka da juyi da wanke gyambo.

Jinyar ba ta taɓa sa ta kuka ba. Abin da ke ƙona mata rai shi ne duk shekara sai an kai Dobri gaban kwamitin likitoci su tabbatar bai warke ba, in ba haka ba a tsayar da maganinsa. Benenmu kuwa matakala ce zalla. A bargo ake naɗe shi, maza huɗu su sauko da shi.

"Za su duba ne ko ƙafafun sun sake tsirowa," in ji Dobri yana dariya.

Bara bargon ya suɓuce, kafaɗarsa ta karye. Daga nan dariya ta ƙare. Nedyalka ta rubuta wa majalisar gari takarda har sau shida, ko tari ba su yi ba.

Ran nan muna dawowa daga kasuwa ta yi turus gaban bishiyar bakin coci, inda ake liƙa hotunan mamata da baƙin layi kewaye. Mutane na tsaye suna karantawa kamar kullum.

"Tsonka, kin gani? A garin nan sai kin mutu ake karanta sunanki."

"Ke dai Allah ya shirye ki," na ce. "Kada ki jawo wa kanki."

Ina! Gida-gida ta bi, ta tara masu jinya arba'in har da ita, kowa da hotonsa. Ranar Lahadi aka wayi gari bishiyoyi da ƙofofi sun cika da fuskokinsu, da baƙin layi kewaye kamar na mamata. Tata sanarwar ta ce: "Nedyalka Kirova. Ba ta mutu ba tukuna, tana ɗauke da mijinta a matakala. Likita ya zo gida."

Gari ya ɗauka. Ƙanwarta ta iso da furanni tana rusa kuka, ta same ta tana murza ƙullun banitsa, burodinmu mai cuku. Limamin coci ya yi faɗa. Ni kaina sai da na tsaya na sake karantawa, ko da yake ni na riƙe mata gam ɗin.

Magajin gari ya zo bakin bishiyar yana huci.

"Haba Goggo Nedyalka! Wannan ai ba tsari ba ne."

"Ranka ya daɗe, takarda shida na aiko maka. Wannan ce kawai ka karanta."

Wata biyu ana jan magana, mu kuma kullum muna zaune a zauren majalisa da saƙarmu. Ƙarshe suka sa hannu: motar gari za ta riƙa kawo likita gida. Wallahi ranar har rawa na taka a titi.

Cikin bazara likita ya ƙwanƙwasa ƙofarsu yana haki. Ya duba Dobri a kan gadonsa, ya buga hatimi, ya miƙe ƙafa zai huta. Nedyalka ta miƙa masa kofi.

"Sha da sauri, ɗana. Saura gida talatin da tara."