Marin da Na Sha Saboda Jirgin China

Yayana ya mare ni a gaban mutane saboda wani jirgin yaƙin China da ko shi bai taɓa gani ba. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Shagonsa yana unguwar Morrisania a New York. Turare da jallabiya da cajar waya yake sayarwa, ni kuma ya ba ni lungun baya ina sayar da tuwo. Da safe ina ajin manya ina koyon karatu da furfurata, da rana ina kan tukunya. Lungun nan shi ne abincina, yayan nan kuma shi kaɗai ne jinina a ƙasar nan.

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, shago ya cika. Wani direban tasi ɗan Gana, abokin Yaya, ya ɗaga waya yana nuna bidiyo. Wai China ta daɗe tana ƙera jirgin jefa bam a ɓoye, ba ta nuna wa kowa ba sai hotonsa lulluɓe da ƙyalle. Masu hasashe sun zana shi kamar jemage, ba wutsiya. Wai ba na'urar da za ta hango shi.

"Wallahi 'yan China ba dama," in ji direban. "Kana zaune kana shan shayinka, sai dai ka ji wuta a ka!"

Suka kwashe da dariya.

Ni na san jirgin da ba a gani. Wanda ya zo kasuwar ƙauyenmu can gida ba na China ba ne, amma mu ma ba mu gan shi ba. Na zaga bayan rumfuna sayen gishiri, na bar ƙanwata tana suyar ƙosai. Ƙara ɗaya na ji, ƙasa ta ɗaga ni ta buga. Da na tashi, rumfuna na ci da wuta, wata akuya na gudu tana jan hanjinta. Da lallen ƙafa na gane ƙanwata, don ni na ƙunsa mata. Ƙafar muka binne, da ɗan abin da muka tsinta a zane. Daga baya aka ce kuskure ne. Yaya yana New York lokacin, ta waya ya ji.

Na ce, "Malam, kashe abin nan."

"Haba Anti, fasaha ce fa!" Ya miƙe, ya shimfiɗa tafin hannu yana shawagi da shi, ya kawo shi saman tukunyata ya ce, "Bum!"

Muciya ce a hannuna. Na sauke masa ita a baki. Leɓensa ya fashe, jini ya wanke gaban farar rigarsa. Ya damƙi hannuna ya murɗe, na kafa masa haƙori a dantse har na ji gishirin jini. Wayar ta faɗi, na bi ta da dunduniya. Muka bangaji tebur, miyar kuka mai tafasa ta kife min a ƙafa, ban ma ji ba sai daga baya.

Yaya ya ratso mutane ya finciko ni. Na ɗauka rabawa zai yi. Sai ji na yi tas a kumatu, kunnena ya ɗauki ƙugi.

"Kin haukace ne? So kike 'yan sanda su rufe min shago? Ba shi haƙuri yanzu, ko ki bar min wurina!"

Na ce, "Yaya, ba kai ka ɗauki ƙafarta a zane ba."

Ya kau da kai. "Allah ya ji ƙanta. Ba shi haƙuri."

Ban bayar ba. Na kwance ɗankwali na ɗaure ƙunar, na ɗingisa zuwa gida.

Washegari, kafin Yaya ya fito, na buɗe shagon, na loda tukwanena a keken cefane, na kulle, na tura masa mabuɗin ta ƙarƙashin ƙofa. Na ja keken zuwa tashar bas, na nufi unguwar University Heights, in bi gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko suna neman mai tuƙa tuwo.