Kakana Bai Ɓata a Hanyar Garwa Ba

Shekarun baya, lokacin da tashin hankali ya yi tsanani har mutanen Mubi da Michika suka cika mana gari, mahaifina ya fita da hantsi sayen goro, bai dawo ba sai da jini a gaban rigarsa.

A lokacin ya shekara uku da fara mantuwa, alhali ko hamsin bai rufa ba. Tela ne a unguwar Demsawo, irin telan da ba ya rubuta awon kowa, kallo ɗaya zai yi maka ya yanka yadi. Sai ga shi yana yanka wa riga ɗaya hannun hagu biyu. Daga nan ya fara tambayar mahaifiyata ko baƙuwa ce, yaushe za ta koma gidansu.

Ranar da nake ba ku labari, samarin da ke binciken mutane a bakin kasuwa ne suka tare shi. Suka ce Baba ina za ka, ya yi murmushi. Suka tambayi sunansa da unguwarsu, ya ci gaba da murmushi. Wanda ya zauna a Jimeta a shekarun nan ya san abin da ake zato ga mutum mai babbar riga da ya kasa faɗin inda ya fito: ɗan ƙunar baƙin wake. Sun fara dukansa ke nan Allah ya kawo wani mai keke napep da Baba ya taɓa ɗinka wa kayan angonci, ya kutsa yana cewa telan unguwarsu ne. Shi ya kawo mana shi gida. Washegari mahaifiyata ta zauna ta ɗinke sunansa da lambar wayarta a wuyan kowace riga tasa. Masu zuwa jaje kuwa abu ɗaya muka faɗa musu: hawan jini ne ya taɓa shi. Da wannan maganar muka yi jinyarsa, da ita muka yi zaman makokinsa bayan shekara uku.

Ƙanena da ke bi na, wanda ya fi kowa ɗawainiya da Baba, daga baya ya samu aikin jinya a wani asibiti a ƙasar waje. Wata Asabar ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Adda, kin taɓa zama kin ƙirga mutum nawa ne a gidanmu suka yi irin ciwon Baba?"

Na ce masa shi dai ya cika tone-tone tun yana yaro.

Ya yi min bayani a hankali. Ya ce akwai wani nau'in ciwon mantuwa da ke bin jini, yana kama mutum tun da sauran ƙarfinsa, kuma in uba na da shi kowane ɗa nasa zai iya gada, zai iya tsira. Ya ce likitocin can suna gwajin wani magani a kan 'yan irin wannan gida tun kafin ciwon ya taso, ko Allah zai sa ya jinkirta shi. Babu wanda ya ce ya warkar, gwaji ne kawai. Amma kafin su auna jininsa sai sun ga tarihin dangi: wa da wa ya yi, kuma yana shekara nawa ya fara. Ya turo min takardar ta waya ya ce in cike, tunda ni ce babba kuma ni ce a gida.

Ni kuwa malamar firamare, mai jan biro a jaka, na buga takarda na zauna na cike ta da rubutuna mai kyau. Kakanmu na wajen uba: ya ɓata a hanyar Garwa wajen fatauci. Bappa babba, yayan mahaifina: a gida iska ake cewa ta taɓa shi, na ga ba zan rubuta wa Bature iska ba, na sa ba a sani ba. Ƙanwarsu da ta rasu a Numan: baƙin cikin mutuwar miji. Na tura ina jin kaina, har ina jiran a yaba min. Kada in yi muku ƙarya, a ƙasan raina na san labaran nan sun cika santsi. Amma da su aka raine ni.

Bayan wata guda ya sake kira. Likitocin sun ce mutum ɗaya a dangi bai isa ba, ba za su sa shi a layi ba. Sannan ya ce, "Adda, ni na riƙa yi wa Baba wanka yana tambayata ko ni ɗan waye. Yarana biyu. Ba na son su yi min wanka ina tambayarsu."

Wannan magana ta karya min zuciya. Na ajiye waya na yi kuka sosai.

Wanda bai san mu ba zai ce mene ne abin ɓoyewa a ciwo. To ku sani, a wurinmu kafin a ba ka mata ko a karɓi 'yarka, sai an tura dattawa binciken asali. Za su bi unguwa suna tambaya a hankali, gidan nan akwai taɓin hankali? Akwai farfaɗiya? Ba ruwansu da sunan da likita ya ba ciwo. Da zarar wani ya ce ai kakansu sai da aka kulle shi, magana ta mutu, kuma ba za a faɗa maka dalili ba. Ni kaina 'ya'ya mata uku gare ni suna tasowa.

Mutum ɗaya ta rage da ta san gaskiya, Goggo, yayar mahaifina, wadda ke zaune a Mbamoi wajen ɗanta. Na hau keke na same ta a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa. Na yi ta kewaye-kewaye, gona, jikoki, ciwon gwiwarta, kafin na fito da takarda.

Ta saurare ni har na gama, hannunta bai daina aiki ba. Ta ce, "Abin da na binne shekara hamsin, shi za ki tone ki aika wa Turawa?"

Na ce, "Goggo, a asibiti kawai za ta tsaya, ba wanda zai gani a nan."

"Haka ake cewa. Magana zarar bunu ce, 'yar nan. Ke da kike da 'yan mata uku, ke ce mai zuwa min da wannan?"

Nan fa halina ya motsa, don ni bakina ba ya jiran shawara. Na ce mata in ciwon nan ya kama ɗan ƙanenta, alhakinsa na wuyanta. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ta ɗago ta dube ni, ta ce in tashi in tafi tun kafin keke ya yi wuya. Ko gyaɗa ba ta ƙulla min ba, ita da ba ta taɓa barina na tafi hannu sake ba.

Sati biyu ban faɗa wa ƙanena komai ba. Wata ranar Lahadi da safe ina shara a gidan iyayena sai ga keke ya tsaya a ƙofar gida, Goggo na saukowa da sandarta. Ba ta shiga ɗakin mahaifiyata ba. Shagon Baba ta ce a buɗe mata, ta zauna a benci kusa da kekensa na ɗinki, ta ce, "Ɗauko biro. Waccan takardar ta ƙarya kuma yaga ta."

Ta ce kakanmu bai taɓa ɓata a hanyar Garwa ba. Shekara shida ya yi a ɗakin baya na tsohon gidansu, ƙofa a kulle, ita ke kai masa abinci tana wanke masa jiki. Tana budurwa aka kawo kayan aurenta, aka sa rana. Sai dangin mijin suka yi bincike, wata maƙwabciya ta ba su labarin ɗakin baya. Da rana tsaka suka aiko aka kwashe kayan, tana tsaye tana kallo. Bayan rasuwar kakan namu, iyalinsa suka sayar da gidan suka dawo Demsawo inda ba a san su ba, mahaifiyarsu ta tara su ta ce daga yau ubanku a hanyar fatauci ya ɓata. Kowa ya riƙe.

Goggo ba ta san shekaru da lamba ba, da haihuwa take lissafi. Ta ce kaka ya fara ne lokacin yayen Baba, Bappa kuma da cikin autarsa, ni kuma ina juyawa zuwa lamba a gefen takarda. Ta ƙara da mahaifiyar kakan, wadda ban taɓa jin labarinta ba. Da muka gama, mutum biyar ne, kuma duk a wajajen shekarun da Baba ya fara.

Na ce, "Goggo, ki yafe min maganar da na faɗa miki."

Ta ce, "Rashin kunyarki ba ita ta kawo ni ba, wannan kin gada ne wajen uwarki. Tun da na kai shekarun da suka fara, kullum in na idar da sallar asuba sai na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, in ga ko ni ma na fara. Na ɗauka ni kaɗai ke kwana da wannan tsoro. Ashe yaron nan ma yana can da shi." Ta shafa kan keken ɗinkin. "Maganin nan zai yi?"

Na ce ba su sani ba. Na gaya mata yadda ƙanena ya faɗa min, cewa wasu ma ruwan gishiri za a riƙa sa musu don a kwatanta, kuma shi kansa ba zai san wanne aka ba shi ba.

Ta ce, "To ko ruwan gishirin ne, ai an kula da shi. Ubana ko wannan bai samu ba. Ƙofa muka ja masa."

Na tura sabuwar takarda. Suka auna jininsa, aka samu yana ɗauke da abin. Ranar da ya faɗa min, shi ya koma yana lallashina. Yanzu shekaru ke nan duk wata yana zuwa a ɗaura masa ruwa, lokaci-lokaci a ɗauki hoton kansa, don sun gargaɗe shi maganin kan kumbura ƙwaƙwalwa. Yana aikinsa, yana tsokanata kamar da. Ko maganin ne, ko lokaci ne bai yi ba, Allah kaɗai ya sani.

Ni ban auna ba. A nan ban ma san inda zan auna ba, kuma ban tabbata ina son sani ba. Amma in na manta ban sa gishiri a miya ba, gabana sai ya faɗi, har sai yara sun tuna min cewa tun ina amarya nake wannan ɓarnar.

Ban ga laifin kakata da ta ƙirƙiro hanyar Garwa ba. 'Ya'yanta take karewa, da abin da ta sani. Sai dai rufin asirin da ya aurar da iyayenmu, shi ya kusa rufe wa ƙanena ƙofa ɗaya tilo da ya samu, kuma da hannuna na rubuta shi. Na nemi izinin Goggo kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta, ta gaji da riƙo.

Duk Juma'a in na je gaishe ta, ƙanena kan kira ta. Ba ta tambayarsa aiki ko sanyi. Da sun gaisa sai ta ce, "To, kawo min su." Shi kuma ya jero mata sunayen mutum biyar ɗin nan daga na fari har Baba, bai tsallake ko ɗaya ba. Sai in ji ta sauke numfashi ta ce, "Madalla. Ba ni matarka mu gaisa."